Kumburin hannu bayan aikin ƙarfi: kada a tausa, a tafi likita

Kowace shekara, in an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, sai gangar kokowa ta tashi a ƙasar Damagaram. Daga Miriya zuwa Magarya, daga Matamai zuwa Tanut, samari su ɗaura walki su shiga fili. A lokacin nan ne kuma ake sussuka da faskare, ana gini da yaɓe, masu lambu suna jan ruwa safe da yamma. Wato kaka da rani lokaci ne da hannu da kafaɗa ba sa hutawa.

Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wani ciwo da ke kama masu aikin ƙarfi. Ciwon shi ne daskarewar jini a cikin babbar jijiyar hannu. Mutum yana cikin ƙoshin lafiya, ya yi kokowa ko ya wuni yana aiki, washegari ya tashi da hannu ɗaya a kumbure, tun daga yatsu har kafaɗa.

Ga ra'ayinmu tun daga farko. Irin wannan kumburi ba abin dauriya ba ne. Ba a tausa shi, ba a yi masa ƙaho, ba a tsaga shi. A ranar da aka gan shi, a ranar ya kamata a kai mai shi gidan likita. Za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya, mai karatu ya auna da kansa.

Yadda jini ke tafiya a hannu

A Hausa kalmar jijiya tana da faɗi. Wadda muke nufi a nan ita ce jijiyar jini. Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu ɗauko jini daga zuciya su kai shi gaɓoɓi. Akwai kuma masu kwaso jinin daga gaɓoɓi su mayar da shi zuciya.

Jinin da ya gama aiki a hannu yana taruwa a wata babbar jijiya. Ita wannan jijiya ta bi ta hammata, ta hau ta ƙarƙashin kafaɗa, sannan ta shiga ƙirji. Kafin ta shiga, dole ta ratsa wata ƴar ƙofa mai ƙunci. Ka ɗora yatsa a gindin wuyanka, za ka ji wani ƙashi da ya gitta zuwa kafaɗa. A ƙarƙashinsa haƙarƙari na farko yake. Tsakanin ƙasusuwan nan biyu jijiyar ke wucewa, ga kuma tsoka gaba da baya.

Duk lokacin da mutum ya ɗaga hannu sama, ko ya ja shi baya da ƙarfi, ƙofar nan tana ƙara matsewa. In sau ɗaya ne ko sau goma, babu komai. Amma duba icen da ake gittawa a bakin rijiya. Igiya ba ta fi shi ƙarfi ba, sai dai yau da gobe ta yi masa gurbi. Haka matsar yau da gobe ke yi wa jijiya. Cikinta ya ji rauni, raunin ya warke ya bar tabo, tabon ya rage faɗin hanya. Mai ƙwanji kuma tsokarsa ta cika wurin, ƙofar ta ƙara ƙunci.

Sai wata rana a yi aikin da ya fi na kullum. Jini ya rasa hanyar wucewa da sauri, ya tsaya, ya daskare ya zama guda, ya toshe jijiyar. Jini yana ta shiga hannu, amma hanyar fita ta rufe. Duk mai lambun da ya taɓa ganin an take tiyo injin yana aiki ya san abin da ke faruwa a bayan wurin da aka take. Wannan shi ne asalin kumburin.

Su wa ciwon ya fi kamawa?

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo. Wani likitan Ingila mai suna James Paget ya bayyana shi a shekarar 1875. Wani likitan ƙasar Ostiriya, Leopold von Schrötter, ya ƙara bayani a 1884, wato a ƙarshen zamanin Sarkin Damagaram Tanimun. Shi ya sa har yau likitoci ke kiran ciwon da sunan mutanen nan biyu.

Abin da aka lura da shi tun daga lokacin yana da ban mamaki. Yawancin cututtuka sun fi kama tsofaffi da raunana. Shi wannan ya fi kama samari da magidanta masu ji da ƙarfi, ƴan shekara 20 zuwa 40. Maza sun fi mata yawa a cikin masu kamuwa, amma mata ma suna kamuwa. Ya fi kama hannun da mutum ya fi aiki da shi, wanda ga mafi yawanmu shi ne na dama. An fi ganinsa ga masu iyo, da masu ɗaga ƙarfe, da masu jifan ƙwallo, da ƴan kokowa, da ma'aikatan da ke wuni hannu a sama.

Ga misali biyu da duniya ta sani. A watan Maris na 2019, likitoci sun gano gudan jini a hannun dama na Brandon Ingram, ɗan wasan ƙwallon kwando na ƙungiyar Los Angeles Lakers a Amurka. Shekarunsa 21 a lokacin. Aka dakatar da shi, aka yi masa aiki don a buɗe wa jijiyar hanya. Ya warke, ya koma wasa, har a 2020 aka zaɓe shi cikin gwanayen shekara. A watan Fabrairu na 2025 kuma, an gano gudan jini a kafaɗar dama ta Victor Wembanyama, ɗan ƙasar Faransa mai yi wa San Antonio Spurs wasa. Shi ma shekarunsa 21. Ƙungiyarsa ta ajiye shi har ƙarshen kakar wasa, duk da shi ne tauraronta. A watan Oktoba na shekarar ya dawo fili.

Mu lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, ƙarfin jiki da cin abinci mai kyau ba su kare su ba. Na biyu, an gano ciwon da wuri, aka haƙura da wasa na ƴan watanni, shi ya sa suka dawo.

To, mu fa? Ɗan kokowar da ya sarƙe abokin karawarsa yana ja, yana ɗagawa, yana murɗawa, kafaɗarsa tana yin aikin da ta ɗan ƙwallon kwando ke yi, har da ƙari. Haka mai jan wasaki a rijiyoyin Damargu masu zurfi. Haka macen da ke ɗaga taɓarya sama ɗaruruwan lokuta kafin a ci tuwo. Haka maƙeri da masaba, da mai faskare da gatari, da mai jefa wa magini tubali, da ɗan dakon da ke saɓa buhu a kasuwar Dole. Jijiyar Bature da ta Badamagare ta ƙofa ɗaya suke bi.

Akwai kuma abubuwan da ke sa jini saurin daskarewa. Daga ciki akwai shan taba, da amosanin jini wato sikila, da juna biyu da kwanakin jego, da wasu magungunan tazarar haihuwa, da allurai da ƙwayoyin ƙara ƙwanji. Wasu mutane kuma gadon abin suka yi. Wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa wa likita in ya je. Amma kada mace ta bar maganinta da kanta ba tare da shawarar likita ba.

Yadda za mu gane shi

Alamomin ba su da wuyar ganewa in an san su. Sau da yawa suna fitowa cikin kwana ɗaya bayan aiki mai tsanani.

Hannu ɗaya ne ke kumbura, ɗayan yana nan lafiya. Kumburin ya kama hannun duka, ba wuri ɗaya ba. Mutum ya ji hannun ya yi nauyi, ya cika, kamar an hura shi. Zobe ko agogo ko kambu ya matse. Launin hannun ya canza, ya yi duhu ko ja-ja. Ga mai baƙar fata, a duba tafin hannu da farce, a gwada da na ɗaya hannun. Ƙananan jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a kafaɗa da saman ƙirji, domin jini yana neman wata hanya. Akwai ciwo a hammata ko kafaɗa, kuma yana ƙaruwa in an yi aiki da hannun.

Ga wata dabara mai sauƙi. A samo zare, a zagaya damtsen mai lafiya, a ƙulla alama. Sannan a zagaya damtsen mai ciwo a daidai wurin. A sake yin haka a ƙasa da gwiwar hannu. In zaren ya kasa haɗuwa a wurare biyun, kumburi ne na hannu duka.

Mutane sukan ɗauke shi targaɗe. Amma targaɗe a gaɓa yake, kuma mai shi ya san lokacin da ya gurɗe. Sukan ɗauke shi maruru. Amma maruru wuri ɗaya yake taruwa, ya yi zafi, ya nuna, ya yi baki. Kumburin ciwon ƙoda ko na zuciya kuwa ƙafafu biyu ya fi kamawa, wani lokaci da fuska. Tundurmi a hankali yake zuwa, cikin shekaru. Wanda muke magana a kai dare ɗaya yake yi.

Akwai alamomin da suka fi waɗannan haɗari. Idan mai kumburin hannu ya fara haki ba gudu ya yi ba, ko ya ji suka a ƙirji in ya ja numfashi, ko ya yi tari da jini, ko zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, ko ya suma, to wani ɓangare na gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu. Wannan yana iya kisa. A nan ba a jiran gari ya waye. A nemi mota, ko babur, ko amalanke, a tafi nan take.

Me ya sa muka ce kada a tausa?

Mun san abin da aka saba yi. In hannun ɗan kokowa ya kumbura, sai abokai su kama su ja, su murza da man shanu ko man zafi. In bai saɓe ba a kira maɗori. In bai saɓe ba a kira wanzami ya kafa ƙaho, ko ya tsaga don mataccen jini ya fita. Duk wannan da kyakkyawar niyya ake yi. Amma mu duba abin da kowanne ke jawowa.

Tausa tana iya motsa gudan jinin. Jijiyar da ya toshe kai tsaye take zuwa zuciya, daga zuciya kuma sai huhu. Mai tausa yana ganin taimako yake yi, alhali yana iya tura ciwon daga hannu zuwa inda ya fi haɗari.

Ƙaho kuwa jinin da ke kusa da fata yake zuƙowa. Gudan da ya toshe hanya yana can ciki, ƙarƙashin ƙashi, inda ƙaho ba ya kaiwa. Baƙin jinin da ake gani a cikin ƙaho ba shi ne ciwon ba. Tsaga da sakiya kuma buɗe ƙofa ne ga ƙwayoyin cuta, a hannun da jininsa ba ya gudana sosai. Bayan haka, in an je asibiti za a ba mutum maganin tsinka jini, sai tsagar da aka yi ta riƙa zubar da jini.

Ɗaure hannu tamau da tsumma ko karare, irin na ɗorin karaya, yana ƙara tare jinin da dama a tare yake. Shan tramol da sauran ƙwayoyin bakin kasuwa yana kashe zafin ciwo, mutum ya koma aiki, ciwon yana ci gaba a ɓoye.

Amma babbar asarar da ke cikin duk waɗannan ita ce ta kwanaki. Kwana uku wajen tausa, kwana huɗu wajen ɗori, mako guda wajen jiran ƙaho ya yi aiki. Kafin a ce a tafi likita, an ci rabin wata.

Abin da likita ke yi

Likita zai duba hannun, ya yi tambayoyi. Sannan ya aika a yi hoton jijiya da na'urar nan da ake duba masu juna biyu, wadda muke kira eko. Ba ta da zafi, ba a huda jiki. Ana samunta a manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙasa na Damagaram. Wanda ke ƙauye ya fara da gidan likita mafi kusa, ya nemi takardar turawa gaba.

In an tabbatar da ciwon, maganin farko shi ne na tsinka jini, allura ko ƙwaya. Aikinsa shi ne ya hana gudan ƙaruwa, ya hana wani sabo fitowa, ya ba jiki dama ya narkar da wanda ke nan. Ana shan sa aƙalla wata 3. Ba a barin sa don an ga kumburi ya saɓe.

A asibitocin da ke da ƙwararrun likitocin jijiyoyin jini, ana iya zura siririn bututu har wurin gudan, a zuba maganin da ke narkar da shi. Wannan ya fi yin aiki a cikin kwana 14 na farko. Bayan haka gudan yakan yi tauri, ya manne da jikin jijiya, ya zama tabo. Wasu kuma akan yi musu aiki a cire haƙarƙari na farko, don ƙofar ta buɗe, ciwon kada ya dawo. Mutum yana rayuwa lafiya, yana aiki, ba tare da wannan ƙashi ba.

Wanda ya makara fa? Da yawa hannun yakan saɓe kaɗan, amma ba ya komawa yadda yake. Da an yi aiki sai ya kumbura, ya yi nauyi, ya gaji da wuri. Ga ma'aikacin ofis wannan damuwa ce. Ga manomi da maƙeri da ɗan kokowa kuwa, hanyar cin abinci ce ta taɓu.

Mai shan maganin tsinka jini yana da dokoki. Ba ya kokowa, ba ya dambe, domin bugu kaɗan yana iya sa jini ya zuba a cikin kai ko cikin ciki. Ba a yi masa ƙaho ko tsaga. Ba ya haɗa maganin da asfirin ko magungunan ciwon jiki na kasuwa, ko jiƙo da sassaƙe, sai ya tambayi likita. In ya ga haɓo ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ya koma asibiti. Mace mai juna biyu ta faɗa tun farko, domin ba kowane irin maganin ya dace da ita ba.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce: ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ga ƙyanda, me ya kai ku ga ciwon da ba a cika gani ba? Gaskiya ne ciwon ba shi da yawa. Likitocin Turai da Amurka sun ƙiyasta yana kama mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 a shekara. Amma ƙidayar 2012 ta nuna jahar Damagaram tana da mutum fiye da miliyan 3 da rabi. In muka yi lissafi da wancan ƙiyasi, zai ba mu mutum 35 zuwa 70 a shekara. Kuma su wane ne? Masu ƙarfin gida, waɗanda ke noma wa tsofaffi da yara. Bayan haka, sanin wannan ciwo ba ya cin ko dala. Ba ya rage komai daga yaƙi da sauro.

Wani zai ce: asibiti kuɗi ne, ga mota, ga hoto, ga magani na wata uku. Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amma mu auna. Wanda zai sayar da akuya ya yi magani, da wanda zai yi shekara 30 yana ɗaukar ƴan ƙwadago domin hannunsa ba ya riƙe hauya, wa ya fi asara? Kuma kuɗin da ke tafiya wajen yawon magani kafin a je asibiti, in an tara shi, sau da yawa ya isa kuɗin mota da na hoto.

Wani kuma zai ce: jifa ne, abokan hamayya suka yi masa don kada ya shiga fili. Mun san fagen kokowa bai rabu da laya da guru da kambu ba. Mun san kuma yadda abin ke zuwa yana sa zargi: saurayi lafiyayye, ana gobe karawa, hannu ya kumbura dare ɗaya. Amma mun riga mun ga dalilin. Ana gab da gasa ne ɗan kokowa ya fi matsa wa jikinsa da horo, shi ya sa a lokacin ciwon ya fi fitowa. Mai son yin addu'a ya yi, babu mai hana shi. Sai dai a yi ta a kan hanyar asibiti. Zargin maƙwabci kuma ba ya buɗe jijiya, zumunci kawai yake ɓatawa.

Akwai magana ta huɗu, wadda ba a faɗi da baki, ita ce kunya. An raine mu a kan cewa namiji ba ya raki. Ƙasar nan da ƙarfin hannu aka gina ta. Da hannu aka ɗaga ganuwar Birni, da hannu maƙeran Tanimun suka ƙera igwa. Ɗan kokowar da makaɗa suka wasa, ya yi kirari gaban jama'a, yana jin nauyin ya ce hannuna ba lafiya. Muna ganin a nan ne ya kamata mu gyara tunani. Dauriya tana da wurinta: a gona, a fili, a lokacin yunwa. Amma gudan jini bai san jarumi ba. Wanda ya janye bana ya yi magani, zai shiga fili baɗi. Wanda ya ɓoye, wataƙila banan ce ta ƙarshe.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Kokowa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar. Tun 1975, da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauka, gasar take zagaya jahohi. Jahohi 8 kowace tana kawo ƴan kokowa 10, wato 80. A nan Damagaram filin kokowarmu sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi, don tunawa da gwarzon jahar. Amma kafin mutum 10 su fito, ɗaruruwa sun kara a ƙauyuka da gundumomi, inda babu likita a bakin fili. Su ne suka fi ba mu damuwa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kokowa da masu horarwa. Su koyi alamomin nan, su koya wa yaransu. Su sa doka cewa duk wanda hannunsa ya kumbura duka ba ya shiga fili sai da takardar likita. Kuma wanda ya janye don ciwo kada a cire sunansa, kada a yi masa gori. In yaro ya san faɗin gaskiya zai raba shi da wurinsa har abada, ba zai faɗa ba. A lokacin horo a riƙa hutawa, a riƙa shan ruwa, kada a ɗora wa kafaɗa aikin wata guda a cikin mako ɗaya.

Muna kira ga maɗora da wanzamai. Ku ne mutane ke fara zuwa wurinku, kuma suna jin maganarku. Maɗorin kirki ya san karaya, ya san targaɗe, ya san gocewar ƙashi. In ya shafa bai ji ko ɗaya ba, ga hannu a kumbure har kafaɗa, girmansa ne ya ce wannan ba nawa ba ne, ku tafi likita yau. Wanda ya faɗi haka ya ceci hannu, wataƙila ya ceci rai.

Muna kira ga ma'aikatan gidajen likita na karkara. In saurayi ya zo da irin wannan hannu, kada ƙarfin jikinsa ya sa a sallame shi da maganin ciwon jiki kawai. A tura shi inda za a yi hoto. Hukumomin lafiya kuma su kula maganin tsinka jini ya samu a asibitocin gundumomi, a farashin da talaka zai iya.

Muna kira ga makaɗa da maroƙa da masu sharhi a rediyo. Bakinku yana ɗaga mutum, yana kuma kayar da shi. Kada ku yi wa wanda ya janye don ciwo zambo.

Daga ƙarshe muna kira ga mata da iyaye. Ku ne kuke fara ganin hannun in an dawo gida. Ku kuma kanku kuna daka, kuna jan ruwa, kuna ɗaukar itace. In hannunku ne ya kumbura, kada ku ce bari a gama aikin gida tukuna. Maigida kuma ya ba da izini da kuɗin mota ba tare da jan rai ba.

Abin da za mu riƙe

1. Hannu ɗaya ya kumbura duka bayan kokowa ko aikin ƙarfi: a daina aiki nan take.

2. A cire zobe da agogo da kambu da duk abin da ya matse.

3. A ɗora hannun a kan matashi, ya ɗan fi ƙirji tsawo.

4. Ban da tausa, ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da ɗauri.

5. A tafi gidan likita a ranar. A faɗi irin aikin da aka yi da ranar da kumburin ya fara.

6. In akwai haki, ko sukar ƙirji, ko tari da jini, a tafi ko da tsakar dare ne.

7. In an ba da magani, a sha har ƙarshe. Ba a komawa fili sai likita ya yarda.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, a dandali, a majalisa, a bakin rijiya, a wurin horon ƴan kokowa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu kaka mai albarka.